Kwikwiyon da Yara Suka Tsinto: A Riƙe ko a Mayar?

Filin tambaya da amsa kan kiwo da lafiyar dabbobi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Likita, ina yi maka fatan alheri. Ni magidanci ne, ina zaune da iyalina a wata sabuwar unguwa a bayan garin Birnin Kebbi, inda gidaje ba su riga sun haɗe ba. Kwana huɗu da suka wuce, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka tafka da dare, yarana suka tsinto wani ɗan kwikwiyo a cikin magudanar ruwa, ya jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, ba uwa ba 'yan'uwa. Suka naɗe shi a buhu suka ɓoye a bayan madafa, ban sani ba sai da na ji kukansa da asuba. Ja ne mai baƙin baki da manyan kunnuwa, kuma wani maƙwabcina ya ce ruwa biyu ne, wato uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma irin karnukan 'yan sanda. Yanzu gidan ya rabu biyu. Yara sun shaƙu da shi har sun raɗa masa suna, uwarsu ta ce ba za ta zauna da najasa ba, mahaifiyata kuma ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ni kuwa zuciyata ta kasa mayar da shi inda aka ɗauko shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, sau biyu ana haura mana katanga a kwashe tumaki. Shin in riƙe shi? Idan zan riƙe, da me zan fara? Daga wani magidanci, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa yaran nan albarka, domin abin da suka yi tausayi ne, kuma ba na so a yi musu faɗan da zai sa gobe su ga dabba cikin wahala su kau da kai. Amma kafin maganar riƙewa ko mayarwa, akwai tambayar da ta fi gaggawa wadda ba ka yi ba: a cikin kwana huɗun nan, ko ya ciji wani, ko ya yakushe shi, ko ya lashi inda yake da rauni? Ka tara yaran yau ɗin nan ka tambaye su cikin lumana, ka duba hannuwansu da ƙafafunsu da idonka, domin yaron da ya iya ɓoye kwikwiyo a bayan madafa zai iya ɓoye cizonsa don gudun kada a raba su.

Dalilin tambayar shi ne ciwon haukan kare. Mutane da yawa suna ɗauka sai ƙaton kare mai dalalar da yawu yana bin jama'a a guje ne ke ɗauke da shi, alhali ɗan kwikwiyo ma yana kamuwa, balle wanda ba a san uwarsa ba, ba a kuma san abin da ya raba shi da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta rauni, sannan ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. Muddin ba ta isa ba, allura tana tare ta. Da zarar alamu sun bayyana kuwa, irin su tsoron ruwa da ruɗewa da shanyewar jiki, da wuya mutum ya tashi.

Saboda haka idan ka tarar da cizo ko yakushi, komai ƙanƙantarsa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15 ana duba agogo, a shafa aidin, sannan a kai yaron asibiti a ranar, a gaya wa likita cewa karen tsintuwa ne. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta farko a ranar, a koma a kwana na 3 da na 7, sannan likita ya faɗi ko akwai saura, kuma wajibi ne a kammala. Kada a tsaya kan abin da nake ji ana yi a wasu ƙauyuka na ƙona gashin karen a barbaɗa a kan ciwon, domin wannan ba ya kashe komai sai lokaci. Shi kuma kwikwiyon, ko ya ciji wani ko bai ciza ba, a keɓe shi a wuri mai inuwa har kwana 10, babba guda ɗaya ne zai riƙa kai masa abinci da ruwa. Hikimar kwana goman ita ce, karen da cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa a lokacin da ya yi cizo ba ya wuce wannan adadi ba tare da ya nuna alama ko ya mutu ba. Sai dai wannan lura ba ta hana fara allurar wanda aka ciza, kuma cikar kwanakin ba ta nuna cewa babu cutar kwance a jikinsa, don haka a watannin farko kada a bar yara su riƙa sa masa hannu a baki. Ka kuma sani cewa ba kowane mahaukacin kare ne ke faɗa ba. Akwai wanda yakan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kuma mutane da dama sun kamu ne wajen zura hannu su ciro ƙashin da babu shi.

To, mu koma kan maganar uwargida da ta Hajiya mahaifiyarka, domin kare ba zai zauna lafiya a gidan da matan gida ba su yarda da shi ba. Ni likitan dabbobi ne, fatawa kuma ta malamai ce, amma zan tuna maka abin da muka karanta tun a zaure don ka je da shi wurin malaminku. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana tauye ladansa a kowace rana. Kan wannan ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ce a cikin Risala ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don shuka, ko dabbobin da zai raka kiwo ya dawo da su, ko farautar neman abinci wadda ba ta wasa ba. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa, kuma da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki mai kisa zai ajiye. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona da garke. Kai kuwa kana da tumaki a gida, kuma sau biyu ana haura maka katanga, don haka ban ga buƙatarka a matsayin ta ado ko kwaikwayon Turawa ba.

Batun najasa kuma, abin da aka sani a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne duk mai rai tsarkakke ne, har guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya lasa sau bakwai bin umarni ne na ibada, ba don yawun najasa ne ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne ke ɗaukarsa najasa. Hadisin da Hajiya ta kawo ingantacce ne, abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne ko ya haɗa da karen da shari'a ta yarda a ajiye. Ba na ba ka shawarar ka tsaya jayayya da mahaifiyarka a kan wannan. Mafita tana cikin tsarin gidan Bahaushe tun asali: karen ya samu muhallinsa can kusa da turken tumaki ko gefen ƙofar gida, da kwanonsa na abinci da na ruwa da ba a haɗa su da na kowa, kada ya shiga ɗakunan kwana, ko madafa, ko inda ake shimfiɗa tabarmar salla. Ko karen Ashabul Kahfi, kamar yadda aya ta 18 ta Suratul Kahfi ta nuna, a bakin ƙofa ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba. Abin sha'awa shi ne ilimin lafiya ma abin da zai ce ke nan, domin ƙwan tsutsar cikin kare yana fita ta kashinsa ya zauna a ƙasa, kuma yaro mai rarrafe da ke kai komai baki shi ya fi saurin ɗauka. A kwashe kashinsa kullum a binne, yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi. Da wannan tsari yara za su samu abokin wasa a tsakar gida, uwargida ta samu natsuwa, Hajiya kuma ba a keta maganarta ba.

Amsata a taƙaice ke nan: ka riƙe shi, in har za ka iya ɗaukar nauyinsa. Na sa wannan sharaɗi ne domin kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, wato yaran da suka tsinto shi za su gama sakandare, wasu su bar gida, shi yana nan yana jiran abinci daga hannunka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, duka biyun suna magana da kai daga ranar da ka ce ya zauna. Idan ka auna ka ga ba za ka iya ba, ka nemi manomi ko makiyayi ko mafarauci da ka yarda da shi ka ba shi bayan kwanakin keɓewa, amma kada ka kai shi bola ka yar, domin in bai mutu ba zai ƙara yawan karnukan da ba su da mai su, waɗanda su ne ke yaɗa cutar da muka fara da ita.

Game da zancen ruwa biyu, kada ka ɗora buri a kan maganar maƙwabcinka, domin baƙin baki da manyan kunnuwa ba su isa su nuna uban kwikwiyo ba, sai ya kai wata shida ko bakwai za ka ga inda ya dosa. Kuma ko da karen gida ne zalla, ba ka yi asara ba. A aikina na sha ganin an sayo kare mai gashi buzu-buzu daga Legas ko Jos da kuɗi masu yawa, ya zo ya tarar da zafin watan Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40, ga kaska, ya ƙare a hannunmu bai cika shekara ba. Kare ba ya fitar da zafi ta gumin jiki kamar mutum, ta haki yake sanyaya kansa, don haka gajeren gashi da siririn jiki irin na karnukanmu ba ƙaramar baiwa ba ce a wannan yanki. Su kuma karnukan 'yan sanda an san su da ciwon ƙugu na gado, wanda yawan haɗa jini ɗaya ke ƙara wa ƙarfi. Mu ne dai muke raina namu. Dogon karen Buzaye na ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, tun shekarun 1970 Turawa suka kai shi ƙasashensu, yau kuma ana baje kolinsa a can a matsayin iri mai daraja.

Abin da za ka fara da shi shi ne asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke nan Birnin Kebbi, idan kuma wata matsala ta gagara akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita zai ƙiyasta shekarunsa daga haƙora: kwikwiyo yana da haƙoran nono 28 da ke kammala fitowa wajen mako na shida zuwa na takwas, yakan fara famfara yana ɗan wata uku zuwa huɗu, zuwa wata bakwai ya cika 42 na girma. Za a ba shi maganin tsutsar ciki, a maimaita bayan mako biyu, sannan wata-wata har ya kai wata shida, daga nan kuma duk bayan wata uku. Akwai allurar haɗaka da ke kare shi daga cututtuka biyar, wadda ake farawa daga mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Mafi muni a cikinsu ita ce wadda muke kira fabo, mai sa amai da zawon jini mai wari, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, kuma ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa tsawon watanni. Allurar haukan kare bisa al'ada ana yin ta yana ɗan wata uku a kuma sabunta duk shekara, amma ga ɗan tsintuwa likita yana iya yin ta tun kafin haka ya maimaita daga baya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a gida Nijeriya. Ka lura da abu ɗaya: allurar riga-kafi tana lalacewa idan ta ji zafi, don haka wanda ya zaro maka kwalba daga aljihun riga da rana tsaka, ba daga cikin ƙanƙara ba, ruwa kawai zai tsira wa karenka. Ka karɓi katin allura ka adana, domin ranar da ya ciji ɗan maƙwabci, katin nan ne zai yi maka magana. A ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar yaƙi da cutar ta duniya wadda ta dace da ranar mutuwar Louis Pasteur da ya fara gwada allurar a kan mutum a 1885, sau da yawa akan yi gangamin allura kyauta, sai ka kasa kunne.

Abinci kuma, tuwo zalla ba ya gina kwikwiyo, shi ya sa kake ganin wasu da lanƙwasassun ƙafafu da tulun ciki. A haɗa masa tuwo ko shinkafa da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, ko guntun nama, sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku zuwa wata shida, sannan sau biyu. Madarar shanu da yawa tana sa shi zawo. A nisanta shi da albasa da tafarnuwa da cakulan, haka ma goro, wanda Hajiya za ta iya yar da guntunsa ya tsinta, domin sinadarin da ke cikinsa yana bugar da zuciyar kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ranar layya kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta, musamman masu ƙulli-ƙullin ruwa, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ke komawa ga mutane ta yi musu jakar ruwa a hanta. Ruwan sha kada ya yanke masa dare da rana.

Sai gargaɗin da nake maimaitawa kullum a wannan fili. Kada a shafa masa fiya-fiya ko kalanzir don kashe kaska, kada a shafa baƙin mai don ƙazwa, kada a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, kuma a ɗauke shinkafar ɓera daga inda zai kai. Karnukan da waɗannan abubuwa suka kashe a gabana sun fi waɗanda kaskar ta kashe. Tunda damina ce, ka riƙa shafa jikinsa kana neman ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fatar kwikwiyo. A toshe ramin da man basilin na ɗan lokaci, sannan a matse a hankali ta fito, a kuma riƙa canja masa shimfiɗa.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Maigidana ya kawo wani kare ɗan kimanin wata biyar da maƙwabta suka tashi suka bari, yaran unguwa suna ta jifansa. An yi masa allura, amma mako biyu ke nan kullum yana maƙure a ƙarƙashin mota, in an matso shi sai ya saki fitsari, da dare kuma ya tauna takalma ya bi kaji. Abokan maigidan sun ce a ɗaure shi a ɗaki mai duhu, a yanke masa kunne, a riƙa sa masa barkono a abinci don ya yi zafi. Ina da yara ƙanana, hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma ina roƙon ki nuna wa maigida wannan amsa cikin ladabi. Duhu da yunwa da barkono ba sa haifar da karen gadi, abin da suke haifarwa shi ne dabbar da ke tsoron kowa, mai tsoro kuwa shi ne mai cizo, kuma ba ɓarawo zai fara ciza ba, wanda ya fi kusa da shi zai fara, wato 'ya'yanki. Yanke kunne ba ya ƙara masa komai sai ciwo da ƙudaje. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya natsu da su, har ya zama baƙon motsi ne kaɗai ke tayar da shi. Aikinsa ya yi haushi ya tashi maigida, ba ya yaga mutum ba.

Fitsarin da yake saki ba rashin kunya ba ne, alamar miƙa wuya ce ta karen da ya sha jifa. Lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabo da mutane shi ne daga mako uku zuwa wajen mako 12, naku kuwa ya wuce wannan lokaci a hannun masu jifansa, don haka gyaransa zai ɗauki makonni, wataƙila watanni, amma yana yiwuwa. Mutum ɗaya ya riƙa kai masa abinci a lokaci ɗaya kullum, ya ajiye ya koma gefe ya zauna, ba tare da ya zura masa ido ko ya miƙa hannu ta saman kansa ba. A bar shi shi ya fara matsowa. Ranar da ya fito ya shinshina ƙafa, a jefa masa ɗan guntun kifi a kira sunansa da murya mai taushi. Da haka ake koya masa zuwa idan an kira, da zama, da barin abin da aka ce ya bari: lada a daidai lokacin da ya yi daidai, ba duka bayan ya yi kuskure ba, domin kare ba ya haɗa dukan safe da takalmin da ya tauna da dare.

Taunar kuwa ta famfara ce, a wata biyar dasashinsa yana ƙaiƙayi. A ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla ko babban ƙashin saniya da ba zai iya fasawa ba, a kwashe takalma. Kaji a rufe su a akurki da dare, da rana kuma a riƙa wucewa da shi kusa da su yana cikin igiya, in ya zabura a tsayar da shi, in ya kau da kai a ba shi lada. Idan dole a ɗaure shi, igiyar ta zama doguwa, a inuwa, kusa da ruwa, kuma a sake shi safe da yamma ya motsa jiki. Yara kuma ki kafa musu doka: ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a jan wutsiyarsa, ba a hawansa, ba a guje masa da ihu. Kada ki bar mai rarrafe da shi su kaɗai ko na minti ɗaya, komai sabon da suka yi. In ya yi gurnani kada a dake shi, gargaɗi ne yake bayarwa, kuma karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba sanarwa.

TAMBAYA: Likita, karyar da na tsinta a bakin gulbi tana ƙarama yanzu ta kai wata bakwai, kuma ba na son ta cika mana gida da 'ya'ya. Wani ya ce in saya mata allurar tazarar haihuwa ta mata. Ya halatta a likitance? Daga wani ɗalibi, Argungu.

AMSA: Ɗana, kada ka yi. Wannan allura tana iya sa mahaifar karya ta tara mugunya, ciwon da ke kashe ta idan ba a yi aikin gaggawa ba, tana kuma jawo ƙari a nono. A wata bakwai tana dab da fara neman namiji, abin da yakan zo tsakanin wata shida da shekara guda, ya kuma riƙa dawowa kusan sau biyu a shekara, kowane zuwa kimanin mako uku. Za ka gane da kumburin gabanta da ɗigon jini da tarin karnukan unguwa a ƙofar gida. Cikin karya kwana 63 ne kawai. Hanyoyinka biyu ne: ko ka tsare ta a wuri mai katanga da ƙofa tsawon makonni ukun nan ba tare da sakaci na dare ɗaya ba, ko ka kai ta likitan dabbobi ya yi mata aikin cire mahaifa bayan ya sa ta barci. Idan ka zaɓi aikin, a yi shi kafin ta fara ko kuma wata biyu zuwa uku bayan ta gama, ka hana ta abinci tun daren da za a wayi gari a yi shi, bayan an gama kuma ka hana ta lasar ɗinkin har a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14.